Filin Amsa Wasiƙu: Su Wane Ne Abokan Gaba a Wasan Contra?

Wasiƙun da suka taru a wannan watan kusan duk a kan abu guda suke magana, wato Contra, wasan bidiyon nan na sojoji biyu marasa riga wanda yawancin waɗanda suka taso a Kaduna a shekarun 1990 suka buga da hannunsu, ko kuma suka tsaya a bayan mai bugawa suna jiran layi ya zo kansu. Na zaɓi guda shida daga ciki, na taƙaita su gwargwadon yadda fili zai ɗauka.

Tambaya: Assalamu alaikum. Muna yara a Tudun Wada mun buga Contra har ba mu san iyaka ba. Kwanan nan musu ya kaure tsakanina da wani aminina a wajen ɗaurin aure: shi ya ce waɗanda muke harbi sojoji ne 'yan tawaye, ni kuma na ce dodanni ne, hujjata ita ce ƙatuwar zuciyar nan da ake fasawa a ƙarshe. Wa ya fi gaskiya a cikinmu? Daga wani mai karatu a Tudun Wada.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Kowannenku ya riƙe ɓangare ɗaya na gaskiya, kuma musun naku yana da tushe, domin kamfanin da ya yi wasan ma labari biyu ya bayar, ɗaya ga mutanen Jafan, ɗaya ga mutanen Amurka.

Kamfanin Konami na ƙasar Jafan ne ya fitar da Contra a shekarar 1987, da farko a cikin manyan akwatunan wasa irin waɗanda ake jefa wa tsabar kuɗi kafin su kunnu, sannan a 1988 aka mayar da shi kan kaset don na'urar gida ta Nintendo. Wannan na biyun shi ne ya iso gare mu, galibi a cikin kaset ɗin nan rawaya da ake sayarwa tare da na'urorin kwaikwayo masu araha a Kasuwar Barci da Babbar Kasuwa, waɗanda ake rubuta wa cewa suna ɗauke da ɗaruruwan wasanni alhali kaɗan ne ake ta maimaitawa da sunaye dabam-dabam. Kaset ɗin ba ya zuwa da takardar bayani, kuma ko da rubutu ya fito a kan allo, sau da yawa na Jafananci ne, saboda haka kowace unguwa ta ƙirƙiri nata labarin. A wajenmu abin da muka sani shi ne akwai akta mai shuɗin wando da akta mai jan wando, akwai kuma bos a ƙarshen kowane mataki.

A labarin da aka bai wa mutanen Jafan, abin ya faru ne a shekarar 2633. Shekara biyu kafin nan wani dutse ya faɗo daga sama a kan wasu tsibirai da ake kira Galuga, kusa da ƙasar Niyu Zilan, kuma tsibiran ƙirƙirarru ne, babu su a taswira. Daga bisani sai wata runduna mai suna Red Falcon, wato Jan Shaho, ta kafa sansani a wurin da niyyar shafe bil'adama, aka tura sojoji biyu, Bill Rizer da Lance Bean, su rusa sansanin su kuma gano wanda yake juya rundunar daga ɓoye. A nan Jan Shaho sunan ƙungiya ne, kuma mayaƙanta suna da siffar mutane. Wannan shi ne ɓangaren amininka. A takardar da aka haɗa da kaset ɗin Amurka kuwa, an dawo da labarin zamaninmu, aka ce dutsen ya faɗi ne a dajin Amazon shekara 30 kafin lokacin wasan, aka ƙara wa sojojin laƙabin Mad Dog da Scorpion, aka kuma mayar da Jan Shaho sunan baƙuwar halittar kanta. Wannan shi ne ɓangarenka.

Amma abin da ya fi burge ni shi ne yadda wasan da kansa yake warware musun ba tare da ya furta kalma ɗaya ba. Matakai takwas ne a kaset ɗin gida: daji, sansani na farko, magangarar ruwa, sansani na biyu, filin ƙanƙara, tashar makamashi, rumbun jirage, sannan maɓoyar baƙin halittu. A mataki na farko babu abin da za ka gani sai abin da ka saba gani a fim ɗin yaƙi, wato sojoji masu gudu, da gadar da take fashewa a ƙarƙashin ƙafarka, da ƙatuwar katangar ƙarfe mai bindigogi biyu a ƙarshe. Sai ka hau magangarar ruwa har ƙololuwa, ka iske abin da yake tsare ƙofar yana da fuska da haƙora da hannaye biyu masu wulwulawa suna jefo wuta, daga nan zuciyarka ta fara raya maka cewa wannan ba aikin maƙera ba ne. A ƙarshen filin ƙanƙara wani jirgi mai kama da faifai yake bayyana ya ɓace. Haka ake ta ɗiga maka alamu kaɗan-kaɗan, har ka fasa ƙofar mataki na bakwai.

Duk wanda ya taɓa shiga mataki na takwas yana tuna yadda jikinsa ya yi sanyi a karon farko. Ƙarfe da siminti sun ƙare, ƙasar da kake takawa ta koma kamar nama, bango yana da bakuna masu buɗewa suna tofo wasu fararen abubuwa da suke bin ka duk inda ka nufa, kuma tun kafin ka yi nisa wani ƙaton kai mai dogon wuya ya leƙo daga sama yana amayo tsutsotsi masu tashi. Idan ka wuce shi, wasu halittu masu kama da kunama za su yi ta rarrafowa ta sama da ƙasa, har ka isa ga zuciyar da kake magana a kai, tana bugawa a jikin bango, da ƙwayaye huɗu a gefenta, biyu a sama biyu a ƙasa, suna ƙyanƙyasar 'ya'ya ba tsayawa. Na tuna wata ranar Asabar cikin hunturu, mu kusan goma a falon wani maƙwabcinmu, talabijin ƙarama a kan kabad, adaftar na'urar ta yi zafi har an ɗora ta a kan siminti don ta huce, babban yayanmu ya kai ga zuciyar nan da rai ɗaya tak a hannunsa. Babu wanda ya yi tari a ɗakin. Ya kwanta a ƙasa yana harbin ƙwayayen ƙasan tukuna, sannan ya miƙe ya fuskanci zuciyar, tana ƙara saurin bugawa yayin da harsashi yake shigarta, har ta tarwatse, muka ga jirgi mai saukar ungulu ya tashi daga tsibirin, tsibirin kuma ya kama da wuta. A ranar na fahimci cewa tun daga dajin farko cikin jikin wata halitta muke nufa, kuma sojojin da muka yi ta zubarwa a hanya 'yan aikenta ne kawai.

Siffar waɗannan halittu ba daga sama ta faɗo wa masu zanen Konami ba. Duk wanda ya kalli fim ɗin Alien na 1979 zai gane dogon kan nan da ƙwayayen da abin da yake fitowa daga cikinsu, kuma wanda ya zana dodon fim ɗin shi ne H. R. Giger, ɗan ƙasar Siwizalan, wanda ya shahara wajen cakuɗa siffar inji da ta nama a zane guda. Saboda haka idan kun sake haɗuwa da amininka, ka gaya masa cewa ya yi gaskiya a matakai bakwai, kai kuma ka yi gaskiya a na takwas.

Tambaya: Wani kawuna ya taɓa kawo mana kaset daga Ingila, komai nasa irin na Contra ne, amma jaruman mutum-mutumi ne na ƙarfe, kuma sunan da aka rubuta a jiki dabam ne. Jabu aka sayar masa? Daga wani mai karatu a Kawo.

Amsa: Kawunka bai yi asarar kuɗinsa ba, ɗan'uwa, kaset ɗin na asali ne. Sunansa Probotector, kuma da wannan suna Konami ya fitar da wasan a Turai a 1990. Dalili shi ne dokokin kare yara na ƙasar Jamus, waɗanda suke tsananta wa wasannin da ake nuna mutum yana harbin mutum, har ta kai ana iya hana tallata su da sayar wa ƙananan yara. Don kada ya rasa kasuwar, kamfanin ya mayar da Bill da Lance mutum-mutumi biyu masu lamba RD008 da RC011, ya kuma mayar da yawancin sojojin abokan gaba injuna. Haka aka ci gaba da yi wa wasannin da suka biyo baya a Turai har tsakiyar shekarun 1990. Kafin wannan ma, wasan akwatin da na kwamfutocin gida sun shiga Turai da wani sunan, Gryzor. Ka kuma tuna cewa a waɗannan shekarun kalmar Contra suna ne na 'yan tawayen ƙasar Nikaraguwa da gwamnatin Ronald Reagan take mara wa baya, kuma a ƙarshen 1986 abin kunyar sayar wa Iran makamai don a tallafa musu ya fito fili, saboda haka sunan yana da nauyi a kunnen mutanen lokacin.

Abin da nake so ka lura da shi, idan kaset ɗin yana nan, shi ne mataki na takwas. An canza jarumai, an canza sojoji, amma baƙin halittun an bar su yadda suke, da namansu da ƙwayayensu da zuciyarsu, domin babu dokar da ta damu da jinin wanda aka riga aka yanke cewa shi ba mutum ba ne.

Tambaya: Mene ne ainihin sirrin samun rai 30, kuma wa ya gano shi? Mun yi ta dannawa a da, wani lokaci ya yi, wani lokaci ya ƙi. Daga wata mai karatu a Unguwar Sarki.

Amsa: Malama, ga yadda yake: yayin da sunan wasan ya bayyana a allo, sai ki danna sama sau biyu, ƙasa sau biyu, hagu, dama, hagu, dama, sannan B, sannan A, sai ki danna maɓallin farawa. Idan ku biyu ne za ku buga, sai ki danna maɓallin zaɓi kafin na farawa, kowa ya samu nasa 30 a maimakon uku. Yana ƙin yi ne idan an yi nawa har allon ya wuce, ko kuma idan kaset ɗin kwaikwayo ne da aka riga aka taɓa cikinsa, domin da yawa daga cikin waɗanda suka zo mana an gyara su yadda mutum zai zaɓi bindiga ko mataki tun daga jerin sunaye. A wasa na biyu kuma, wanda aka sani da Super C, sirrin dabam ne: dama, hagu, ƙasa, sama, A, B, sannan farawa.

Babu wanda ya gano shi da dabararsa, dasa shi aka yi. Wani ma'aikacin Konami mai suna Kazuhisa Hashimoto ne ya ƙirƙire shi a 1986, lokacin da yake mayar da wani wasan jiragen sama mai suna Gradius zuwa na'urar gida. Wasan ya yi masa wuya a wajen gwaji, sai ya sanya wannan jerin dannawa don ya riƙa samun cikakken makami, kuma aka fitar da kaset ɗin ba a cire shi ba. Contra ne ya yaɗa shi a duniya, saboda a Contra harsashi ɗaya yake kashe mutum, kuma kaɗan ne suke iya ganin zuciyar nan da rai uku. Hashimoto ya rasu a watan Fabrairun 2020.

Tunda kin ambaci rai, bari in ƙara da abin da ya fi raba abokai a zamaninmu. Idan ran abokin wasanki ya ƙare, yana iya danna maɓalli ya ɗauki ɗaya daga cikin naki ba tare da ya nemi izini ba. A magangarar ruwa kuma, inda ake hawa sama, idan ɗaya ya yi gaggawar tsalle allon zai bi shi, na ƙasa ya faɗi ya mutu. Sai kuma rigimar bindiga mai harafin S, wadda take watsa harsashi biyar a lokaci guda, wadda kowa yake rububin ɗauka idan ta faɗo. Ina ganin waɗannan abubuwa uku sun koya wa yaran unguwarmu haƙuri da juna fiye da yadda iyayenmu suka zata.

Tambaya: Ni ɗalibi ne, ban riski zamanin kaset ba, a waya na fara ganin wasan. Abin da ban gane ba shi ne dalilin da ya sa waɗannan halittu suke kawo wa duniya hari tun farko. Mugunta ce kawai, ko akwai wani abu? Daga wani ɗalibi a Unguwar Rimi.

Amsa: Ƙanena, tambayarka ita ce ta fi kowace daɗi a wurina, domin mu da muka girme ka mun shafe shekaru muna harbi ba mu taɓa yin ta ba, kuma shi kansa kamfanin sai da ya yi shekara 15 kafin ya ba da amsa.

A wasannin farko babu wani dalili da aka bayar. A Super Contra, wato wasa na biyu, wanda ya fito a akwati a 1988 ya kuma zo na'urar gida a 1990 da sunan Super C, labarin ya matsa shekara ɗaya gaba, baƙin halittun suka dawo suka shiga jikin sojojin wani sansani, saboda haka waɗanda Bill da Lance suke harbi a matakan farko tsofaffin abokan aikinsu ne da aka ƙwace wa hankali. Wannan kaɗai ya isa ya sa mai tunani ya dakata, amma wasan ba ya ba ka lokacin dakatawa. A Contra III na 1992, a kan na'urar Super Nintendo, an kai shekarar 2636, baƙin sun daina ɓuya, sun auka wa birane da dukkan ƙarfinsu. Wasan yana buɗewa a cikin birnin da ya zama kufai, da wani ƙaton kunkuru da yake fasa bango ya fito a ƙarshen mataki na farko, kuma akwai wurin da jarumi yake rataye a jikin makamai masu linzami suna tafiya a sama, yana tsalle daga wannan zuwa wancan kafin su fashe. A ganina wannan shi ne mafi kyawun tsari a jerin gaba ɗaya, amma a wajen labari har yanzu baƙin mahara ne kawai da ba su da baki.

Juyin ya fara a 1994 da Contra: Hard Corps na na'urar Sega Mega Drive, wadda ita ma ta yi farin jini a shagunan gem na Kaduna. A nan yaƙi ya ƙare da shekara biyar, kuma babban abokin gaba mutum ne, wani tsohon jarumin soja mai suna Kanar Bahamut, wanda ya sace ƙwayar halittar baƙin da gwamnati ta ɓoye a ɗakin bincike don ya ƙera makami da ita ya kifar da mulki. Wasan yana da hanyoyi da yawa da ƙarshe dabam-dabam, ya danganta da zaɓin da ka yi. Ka ga ke nan haɗarin ya tashi daga hannun baƙo ya koma hannun ɗan gida mai kwaɗayin abin da baƙon ya bari.

Amsar tambayarka kai tsaye tana cikin Contra: Shattered Soldier, wanda ya fito a 2002 a kan PlayStation 2, ƙarƙashin jagorancin Nobuya Nakazato, mutumin da ya jagoranci na 1992 da na 1994. Labarin yana farawa da Bill Rizer a kurkuku, an daskarar da shi bisa hukuncin shekara 10,000, bayan an ɗora masa laifin kashe Lance da kuma wani bala'in makami da ya hallaka mafi yawan mutanen duniya. A shekarar 2647 wata sabuwar ƙungiya mai suna Blood Falcon, wato Shahon Jini, ta addabi duniya, sai majalisar mutum uku da take mulkin duniyar ta saki Bill don ya murƙushe ta, aka haɗa shi da wata mayaƙiya mai suna Lucia. Da ya isa ga shugaban ƙungiyar sai ya iske Lance ne, abokin nan mai jan wando da muka taso muna gani a gefensa, bai mutu ba, ya kuma haɗa jikinsa da ƙwayar baƙin halittu. Kafin ya cika sai ya faɗa wa Bill abin da ya gano: majalisar mutum ukun nan ita ce ta aika aka sato wani tsohon abu mai ƙarfin gaske, mai suna Moirai, daga wajen duniyar Mushtari, kuma duk hare-haren da baƙin suka kawo ƙoƙari ne na ƙwato abin da aka sace musu. Da Lance ya gano haka aka yi yunƙurin kashe shi, aka kuma liƙa wa Bill laifin.

Na san akwai masu cewa wannan labari daga baya aka ƙaƙaba shi, kuma gaskiya ne, babu alamar cewa waɗanda suka yi wasan 1987 suna da shi a ransu. Duk da haka ina ganin ya dace da wasan fiye da yadda ake zato. Tun farko an gina Contra ne a kan soja da aka ce masa ya nufi dama ya harbi duk abin da ya motsa, ba a gaya masa dalili ba, shi kuma bai tambaya ba. Wanda ya riƙe hannun gem ma haka yake, domin mu ma ba mu tambaya ba. Ranar da na fara jin jawabin Lance, a wani shagon gem da ke kusa da titin Ahmadu Bello, janareta yana ta ƙara a waje, sai na tuna zuciyar nan da muka yi wa ihun murna muna yara, na ji abin ya sauya mini ɗanɗano. Hausawa suna cewa idan ɓera da sata, daddawa ma da wari, amma a nan abin ya wuce haka, domin wanda aka nuna mana a matsayin ɓarawo shi ne mai kayan. Wannan bai wanke baƙin daga kisan da suka yi ba, birane sun ƙone, mutane sun mutu, kuma wasan bai ce ka tausaya musu ba. Abin da ya yi shi ne ya juya bakin bindigar Bill zuwa ga waɗanda suka aike shi, kuma matakan ƙarshe na wasan, waɗanda ba ka isa gare su sai ka yi wasa mai kyau a na baya, a kan majalisar da abin da ta sata suke ƙarewa.

Wasannin da suka biyo baya ba duka suka riƙe wannan zaren ba. Contra 4 na 2007, a kan Nintendo DS, ya koma salon da, da wani baƙon mai suna Black Viper, shi kuma Operation Galuga na 2024 ya sake ba da labarin tsibirin farko ne da sabon zane.

Tambaya: Ɗana mai shekara 11 ya samu wannan wasa wajen 'yan'uwansa, na leƙa na ga wasu munanan halittu, sai hankalina ya tashi. Siffar aljanu ce? Ya kamata in hana shi? Daga wata uwa a Badarawa.

Amsa: Hajiya, Allah ya raya mana shi, ya kuma saka miki da alheri da kika leƙa, domin iyaye da yawa ba sa leƙawa. Halittun da kika gani ba su da alaƙa da aljanu, kuma masu wasan ba su ce suna da ita ba. Ƙirƙira ce ta masu zane, irin ta labaran ƙagaggun kimiyya da suke hasashen wasu halittu a wasu duniyoyi, kuma matsayinsu a wasan bai wuce matsayin Dodo a tatsuniyar da kakanninmu suke yi mana da dare ba. Babu tsafi ko bauta a cikin abin da yaron yake dannawa.

Abin da ya kamata ki tantance shi ne wanne daga cikin jerin yake bugawa. Na kaset ɗin da, zanensa ɗigo-ɗigo ne, wanda aka harba ɓacewa yake yi, babu jini, kuma ni ban ga laifin ɗan shekara 11 ya buga shi ba. Na baya-bayan nan sun fi fito da ƙazantar halittun fili, kuma akwai guda ɗaya, Rogue Corps na 2019, wanda hukumar tantance wasanni ta Amurka ta keɓe wa 'yan shekara 17 zuwa sama saboda jini da munanan kalamai, wannan kam ki raba shi da shi. Idan kika ga yana firgita da dare, to ki dakatar da shi ko da na da ɗin ne, domin yara sun bambanta. Sauran kuma maganar lokaci ce: ki tsayar masa da sa'a, bayan ya dawo daga Islamiyya ya kuma gama aikin makaranta, kuma tsohon Contra yana da sauƙin tsayarwa, tunda wanda ya ƙware yana gama shi cikin kusan rabin sa'a.

Tambaya: Na'urarmu ta daɗe da lalacewa. Akwai hanyar da zan sake buga na asalin? Daga wani mai karatu a Barnawa.

Amsa: Akwai, Malam. A 2019 Konami ya tattara wasanni goma na farko-farkon jerin a wuri guda da sunan Contra Anniversary Collection, kuma ana samunsa a PlayStation 4 da Xbox One da Nintendo Switch da kwamfuta. A ciki akwai na akwati, da na Amurka, da na Jafan, da Super C, da Contra III, da Hard Corps, har da biyu daga cikin masu mutum-mutumi na Turai. Shawarata ita ce ka fara da na Jafan na 1988, domin kaset ɗinsa yana da wani ƙarin guntun lantarki da Konami ya ƙera da kansa, wanda ya ba shi abin da na Amurka ba shi da shi: itatuwan dajin suna kaɗawa, ƙanƙara tana zuba a mataki na biyar, ana nuna taswirar tsibirin tsakanin matakai, sojan kuma yana magana da hedikwata ta rediyo. Idan ka fasa zuciyar, jirgi ya tashi, sunayen ma'aikata suka fara wucewa, ka danne maɓallin farawa da na zaɓi tare, kada ka saki har su ƙare. Wani saƙo zai fito da Jafananci daga Jan Shaho, yana alwashin cewa zai dawo.